Wata huɗu ina kan mutum ɗaya a Blender, anya fim ɗin nan zai ƙare kuwa?

Sabon_Hannu:
Assalamu alaikum. Dan Allah masu harkar katun na kwamfuta ku zo ku ceci ɗan uwanku. Na rubuta wani ɗan labari da nake so na mayar fim ni kaɗai, minti 10 ne, mutum shida a ciki, akwai wajen da ake ruwan sama akwai kuma wajen da yaron ke gudu cikin taron jama'a. Blender, manhajar haɗa katun na 3D, nake amfani da shi a laftof mai RAM 8GB, ba ta da wani katin girafik na kirki. Yau wata huɗu kenan ina kan yaron kawai, na gina shi na sa mai ƙasusuwa amma da ya ɗaga hannu sai kafaɗar ta murɗe kamar an matse tsumma, in gyara nan can ya ɓaci. Jiya na gwada renda, wato fitar da kammalallen hoto, guda ɗaya tak da Cycles, injin renda na Blender, sai da ya ci minti 6, fankar laftof ɗin kamar za ta tashi sama. Wai kwamfutar ce matsalar in haƙura sai na samu babba, ko ni ne ban iya ba?

Tsohon_Hannu:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin ka zagi laftof zo mu yi lissafi. Fim hoto 24 ne a duk sakan ɗaya, minti 10 sakan 600 ne, kenan hoto 14,400. Ninka da minti 6 ɗinka ka ga, awa 1,440, kwana 60 cur kwamfuta na kunne ba dare ba rana ba ka taɓa ta, kuma wannan in ba ka gano kuskure a tsakiya ba kenan, wanda kuwa sai ka gano. Ga ruwan sama ga taron jama'a, kai da hannunka ka zaɓo abubuwan da ƙwararru ma ke jin jiki a kansu. Ni da ni ne wlh labarin zan yi wa aski, minti ɗaya da rabi, mutum biyu, waje ɗaya. Sannan ka bar Cycles ka koma Eevee, ɗaya injin rendar, tun fitowar 2.80 a 2019 yake cikin Blender, hoton da ke cin mintoci a can galibi a sakanni yake fita a nan. Kar wani ya ce ma Eevee na yara ne, fim ɗin Flow na Gints Zilbalodis ɗan ƙasar Latbiya da shi aka yi rendarsa, ya kuma ci Oscar a 2025, kuma duk fim ɗin ba magana ko ɗaya, ka ga ya huta da wahalar daidaita motsin baki.

Mai_Fensir:
Gaskiya yaya Tsohon_Hannu ya faɗa, amma ni abin da ya fi damuna shi ne ka fara gini ba ka ga fim ɗin ba. Ajiye 3D ɗin nan na sati biyu. Zana kowane shot a takarda ko a Krita, ko da kai da sanda ne ba komai ba wanda zai gani, ka ɗau muryoyin da wayarka ko da kai za ka yi duka muryoyin, sai ka jera zanen kan sautin a Kdenlive ko cikin Blender ɗin ma akwai wajen editin. Ka zauna ka kalla. Anan za ka ji inda labarin ke jan ƙafa, ka yanke shi tun bai ci ma komai ba.
Ni na yi wannan wautar shi yasa nake nanatawa, sati uku na ɓata ina gina ɗaki har da littattafai a kanta kowanne da kalar bangonsa, har da ƙura a kan taga, da na zo sa kyamara ashe bango ɗaya da rabin kujera kawai ake gani a duk fim ɗin, ranar ko magana ban iya yi wa kowa ba. Abin da kyamara ba ta gani kar ka gina shi. Kuma sauti kar ka bar shi sai ƙarshe, mutane za su yafe ma hoto mai sauƙi amma murya mai shuuu ba mai jure ta, Audacity kyauta ne yana rage hayaniya.

Dan_Renda:
Ni dai ban yarda a ce kwamfuta ba ta da laifi gaba ɗaya ba, 8GB zai riƙa shaƙewa in sin ɗin ya yi nauyi. Amma akwai SheepIt, kana ba da aron kwamfutarka ana rendar aikin wasu kana tara maki, kai ma a yi ma naka. Abu ɗaya dan Allah, kar ka taɓa renda kai tsaye zuwa mp4, fitar da shi hoto hoto a PNG, in ta mutu a na 900 ka tashi daga 901, in bidiyo ne kuwa ka koma farko.
Kafaɗa kuma kowa ya sha wannan, yawanci layukan jikin ne ba su zagaye gaɓar ba ko weight paint ɗin, wato rabon wane ƙashi ke jan wane sashen jiki, bai zauna ba. Kunna Rigify, mai haɗa ƙasusuwa a Blender, ka daina haɗa ƙashi ɗaya ɗaya, ko ka jefa yaron a shafin Mixamo ya sa ma ƙasusuwan da kansa tunda siffar mutum ce.

Sabon_Hannu:
Kai, kwana 60 ɗin nan ya kashe min jiki, ban taɓa zama na lissafa ba. Na gode ƙwarai Allah ya saka. Na sake karanta labarin yanzu, gaskiya zuciyarsa wajen da yaron ke zaune da kakansa ne ana jiran ruwa ya tsaya, sauran duk ciko ne. Sai dai ruwan fa? in na cire shi ba labari.

Mai_Fensir:
Wa ya ce ka cire? Sa su cikin ɗaki, ƙarar ruwa na dukan rufi, haske ya ɗan dushe, in ka matsa ka sa ɗigo biyu uku na gangarowa a gilashin taga. Kunne zai ƙarasa sauran. Turo zanen nan in ka jera mu gani.