Neman shawara: na sassaƙa kuka amma hoton bai taɓa zuciya ba

Salam 'yan uwa, don Allah a taimaka min da shawara. Yayata ce ta rubuta littafi kan wata mata da ta gudo daga ƙauyensu da goyo, yaron ya rasu a hanya, ta ce in yi mata hotunan ciki da lino, wato abu mai kama da ledar ɗaki da ake sassaƙa hoto a kai a buga a takarda, tunda shi nake koyo nan Samaru. Na sassaƙa guda uku na shafa tawada da rola na murza takarda da bayan cokali, amma wallahi ina ɗagawa sai na ga kamar katun, har hawaye na yanka mata a kumatu amma ko ni abin bai taɓa ni ba. A ina na kuskure?

Wani malami daga Kongo, Zariya: Ƙanena hawayen nan su suka kashe maka aiki. Ka san duk inda wuƙa ta ci fari ne zai fito, to in ka yi ta yanka baƙin ya ƙare, kuma nauyin hoton a baƙin yake. Nemi aikin Käthe Kollwitz, Bajamushiya ce, an kashe ɗanta a yaƙi a 1914, daga baya ta sassaƙa hotuna 7 a katako kan yaƙin. Akwai na uwa da uba sun durƙusa sun ƙanƙame juna, fuska ma ba ka gani sosai, sai hannuwa manya da baya ya tanƙware cikin baƙi ƙirin. Na daɗe ina kallonsa na kasa magana.

Wata daga Tudun Wada: Ni ba mai zane ba ce amma na binne ɗa. Ranar ban yi kuka ba, zaninsa na goyo na riƙe har magariba ina ninkewa ina warwarewa. Ka zana zanin ba kowa a ciki.

Wani daga Sabon Gari: Allah ya jiƙansa Hajiya, ya sa mai ceto ne. Kai kuma ka bar siraran layuka, in an rage hoton ya shiga shafi ɓacewa suke, ka bar sawun wuƙar da kaushinsa kar ka gyara. Ka sa linon a rana ya yi laushi kafin ka yanka. Duba kuma aikin Bruce Onobrakpeya, nan Zariya ya yi karatu, ya yi wa littattafai hotuna.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Hajiya Allah ya ba ki haƙuri, da zanin zan fara gobe in sha Allah.