Tambarin da ke saman README ɗina ya ƙi zama kore

Ɗan Kurna:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da wata 'yar manhaja ta lissafin kuɗin adashe da nake rubutawa da Python, tana kan GitHub, shafin da ake ajiye manhajoji a yi aikinsu tare. Na saita GitHub Actions, tsarin GitHub mai gudanar da ayyuka da kansa, yadda duk sanda na tura sabon aiki, gwaje-gwajen pytest (abin gwada manhajar Python) za su tashi da kansu, kuma suna wucewa lafiya lau. Amma tambarin nan da ake liƙawa a saman README (takardar bayanin manhaja), wanda ke yin kore in gwaji ya wuce, ja in ya faɗi, ruwan toka yake nunawa, an rubuta "no status" a jikinsa. Layin da na sa ya ƙare da badge.svg?branch=master. Akwai abokai da nake son su shigo mu yi aikin tare, ba na son su buɗe shafin su ɗauka abin ba ya aiki. Ina gizo ke saƙar?

Baban Amira:
Wa alaikumus salam ƙanena. Duba sunan babban reshenka, wato branch ɗin da ainihin aikin yake a kai. Tun watan Oktoban 2020 GitHub ke raɗa wa na sababbin ma'ajiyoyi (wuraren ajiye manhaja) main, ba master ba. In kuwa haka ne, tambarin yana neman sakamakon reshen da babu shi. Ka mayar da shi main, ko ka goge duk abin da ya biyo bayan badge.svg, zai ɗauki babban reshen da kansa. Mafi sauƙi ma, shiga Actions, zaɓi aikin gwajin naka, danna ɗigo ukun nan, za ka ga Create status badge. In ka gyara bai canza nan take ba, ɗan yi haƙuri, GitHub kan riƙe tsohon hoton na ɗan lokaci.

Maman Sadik:
Malam ya gama magana kan gyaran. Nawa roƙo ne. Mutane na yarda da koren nan fiye da kima, don haka amana ce. Na sha buɗe ma'ajiya in tarar da tambarin Travis CI, wani tsarin gwaji irin GitHub Actions, yana nan daram, alhali tun 2021 aka rufe tsohon shafinsa travis-ci.org da tambarin ya dogara da shi, wato ba abin da yake dubawa. Wasu kuma su sa continue-on-error: true (wato a ci gaba ko an samu kuskure) a matakin gwaji, gwajin ya faɗi amma tambari na cewa "passing". Wannan yana ci mini rai ƙwarai, balle kai da manhajarka ke lissafa kuɗin jama'a. Ka ɓata gwaji ɗaya da gangan ka tura, ka tabbatar ya koma ja, sannan ka gyara.

Ɗan Kurna:
Na gode Yaya, main ne kuwa, ya yi kore. Hajiya, na bi shawararki, ya yi ja sannan ya dawo. Akwai tambarin da zai nuna kashi nawa na manhajar ne gwajin ya taɓa?

Baban Amira:
Akwai, amma GitHub ba ya ba da shi kai tsaye. Sa pytest-cov, ƙarin pytest mai auna hakan, ya fitar da rahoto, ka haɗa ma'ajiyar da shafin Codecov mai karanta irin wannan rahoto, su za su ba ka layin da za ka liƙa.