Gudan jini a ƙafar Inna, ga tafiyar Yamai ta matso

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa, likitoci da masu jinya, ku taimaka min da shawara.

Innarmu na fama da kansar mama, duk bayan kwana 21 muke kai ta Yamai a saka mata ruwan maganin kansa da ake kira kimo. Daga Damagaram tafiyar kusan kilomita 900 ce, wuni guda cur tana zaune cikin bas. Kwana huɗu da dawowarmu ta uku, sha-raɓarta ta hagu ta kumbura, ta yi zafi, har silifas ya ƙi shiga. Aka yi eko, wato hoton duba cikin jiki da na'ura, likita ya ce jini ne ya daskare a jijiya. Ya ce kansa da kimo duk suna sa jini saurin daskarewa, dogon zama kuma ya ƙara, abin tsoro shi ne gudan ya ɓalle ya toshe jijiyar huhu.

Yanzu allurar Lovenox, mai hana jini daskarewa, nake mata a fatar ciki safe da yamma. Gwaggo ta kawo wanzami ya yi ƙaho da tausa, na hana, har yau tana fushi da ni.

Abin da ya ɗaure min kai: jiya da ta yi asuwaki dasashinta ya yi jini, kuma na san kimo na rage ƙwayoyin da ke tsayar da jini. Gobe za mu koma gwaji, ban tsayar da allurar da kaina ba. Saura kwana 9 zagaye na huɗu. Mai irin wannan lalura zai iya wannan doguwar tafiya? Akwai wanda likitansa ya mayar da shi kan Xarelto, ƙwayar sha mai hana jini daskarewa, yana tsakiyar kimo? Kuɗin allurar ya fara fin ƙarfinmu.