Musayar Waƙa: Wace Goɗiya Ce Sarauniyar Gajeren Zango?

Ɗan Barga:
Assalamu alaikum. Daren jiya na sake kallon tseren goɗiyoyi zalla na gasar Breeders' Cup ta Amurka, wanda aka fara a 2007. Nisansa yanzu mita 1,400 ne da 'yan kai, a kan turɓaya. Ga tawa, mai amsawa ya riƙe amsa-amon "ya".

Na ɗaura sirdi da bismillah, yau waƙar ta goɗiya,
Gamine ce gwanata, ba na yi mata kishiya.
A filin Keeneland, 2020, ta nuna musu hanya,
Velazquez ya miƙe kan likkafa, ya kwanta bisa wuya.
Minti ɗaya, daƙiƙa 20, ko alamar gajiya,
Tsawon doki shida ta bar ta biyu can baya.
A wannan zango filin bai ga irin gudun ba ko ɗaya,
Sauran ƙura suka sha, suka koma barga da kunya.

Mai Likkafa:
Ƙanena sannu da zuba, amma ina da tambaya,
Da shekara ta zagayo, ina aka baro sarauniya?
A filin Del Mar, wata mai suna Ce Ce ta wuce ta, ba gardama ba jayayya,
Taka ta uku ta zo, ka ɓoye mana gaskiya.
Ni Groupie Doll nake yi, mai naci, mai juriya,
2012 da 2013, Santa Anita, Kalifoniya.
Buff Bradley da mahaifinsa suka rene ta tun tana jaririya,
A gonarsu ta Kentucky, ba gidan sarki ba, ba fariya.
Da aka kai ta gwanjo, sai ga ruwan dukiya,
Dala miliyan 3.1 aka zube kan goɗiya ɗaya.
Ci sau biyu a jere, sai Goodnight Olive ta maimaita daga baya,
Gudun rana guda kuwa, ko zomo ya iya.

Ɗan Barga:
Yaya, zomo fa ka ce? To, na haɗiye.

Faɗuwa ɗaya ba ta kwance wa gwana sarautar jiya,
Agogo ne alƙalina, shi kuwa ba ya ƙarya.

Inna Mai Fura:
Ku matsa, 'ya'yan nan. Tun ɗazu nake karatu ina dama fura, har ta yi ruwa.

Kuna ta musu kan tseren da aka yi wa mata kariya,
An ware su gefe guda, ba ingarma ba haniniya.
Ni tawa Black Caviar ce, 'yar ƙasar Ostireliya,
Da maza take karawa, ta bar su da ciwon zuciya.
Fita 25, ci 25, ba ta faɗi ba ko sau ɗaya.
A 2012 ta je Ascot, ta keta rabin duniya,
Sarauniyar Ingila na zaune tana kallon baƙuwar goɗiya.
Dab da layi mahayinta Luke Nolen ya saki jiki, ya ɗauka an gama tafiya,
Sai ga Moonlight Cloud ta Faransa ta taso kamar walƙiya.
Ya farga, ya sake tura ta, jama'a sun ɗauke murya,
Da tsawon kai ta tsira, ashe da ciwo a tsoka take ɗawainiya.
Ta ɗaya, ta biyu, ta uku, duk mata ne, ku sha dariya,
Ingarmun da suka shiga ranar, a bayansu suka tsaya.

Mai Likkafa:
Inna, a gafarce ni, ban zo da rashin kunya,
Taki kan ciyawa ta yi suna, tamu kan turɓaya.
Mai gudu a bayan wata, ƙasa ke dukan ta a ido da wuya,
Kofaton da ya saba da lallausa, can zai sha wuya.

Inna Mai Fura:
Ka maimaita "wuya" sau biyu, ɗana, linzaminka ya kwance. Je ka gyara baitin ka dawo.

Ɗan Barga:
Inna ta yi mana zamiya, ta tsayar da mu tsakar hanya,
Na ba ki ciyawar Ascot, na ba Yaya Kalifoniya.
Amma daƙiƙa 20 ɗin nan, ko za a kai ni gaban shari'a,

Kash, "shari'a" ba ta hau ba. Inna, kar ki ce komai, na gani da kaina.