Wai Turanci ya ishi mazaunin Holan?

Baban Sadik, Amsterdam: Assalamu alaikum jama'a. Ƙanena ya iso kwanan baya, kullum sai ya fita kasuwa wai zai gwada Holancinsa da masu shago. Na ce masa wahalar banza yake. Mutanen nan suna jin harshenka ya karye za su mayar da kai Turanci. Ya zauna ya karanta littafinsa, ya ci jarrabawar da hukuma ke yi wa sababbin zuwa, sauran rayuwa Turanci ya ishe shi.

Maman Hanifa, Zwolle: Wa'alaikumus salam. Haba Yaya, Amsterdam kake gani ka ɗauka ita ce ƙasar. Ambulan shuɗi na masu haraji da Turanci yake zuwa maka? Taron iyaye a makarantar firamare fa? Minti goma kacal malama ke ba ka a kan ɗanka. Idan rabinsu ya tafi a neman kalma, ka fito ba ka san halin da yaron yake ciki ba.

Baban Sadik: Wasiƙa ai waya tana fassarawa. Jarrabawar magana kuma da kwamfuta ake yinta, ka sa abin kunne ka amsa. Ina mai shago ya shigo ciki?

Malam Idi, Utrecht: Alhaji, kwamfutar tana da agogo. Ana ba ka ɗan lokaci ka amsa, bakin da bai saba ba kafin ya haɗa jimla lokaci ya ƙare. Kuma dokar ta canja: tun 1 ga Janairun 2022 matakin iya harshe na B1 ake so sabon zuwa ya kai, cikin shekara 3, alhali a da A2 ne, matakin da ke ƙasa da shi. B1 na nufin ka iya bayyana ra'ayinka ka kawo dalili. Wannan ba ya samuwa da hadda.

Maman Hanifa: Allah ya saka, Malam. Ga wata 'yar'uwarmu, ta san nahawu fiye da ni. An ce mata a waya ta kawo jariri awo "half drie". Ta je uku da rabi, ashe biyu da rabi ake nufi, su sa'ar da ke tafe suke ambata. Ta tarar an wuce ta, ta dawo a keke cikin ruwan sama da yaro a gaba. Abin yana cikin littafinta, amma kunnenta bai taɓa jin sa daga bakin mutum mai sauri ba.

Malam Idi: Haka lambobi. A 45 biyar suke fara faɗa kafin arba'in, vijfenveertig. Wanda ya yi Islamiyya ya san tsarin, Larabci ma hamsa wa arba'una yake cewa. Har "g" ɗinsu mai kartar maƙogwaro, duk wanda ya iya fitar da harafin kha a karatun Alƙur'ani ya ci rabin aikin.

Ɗan Maraɗi, Antwerpen: Ni duk ban yarda da ku ba. Alhaji, mu da muka taso da Faransanci wane Turancin za mu jingina da shi? Ku kuma Malam, aji bai ƙare ni da komai ba. A wurin aiki na iya, cikin masu lodin kaya. Kuma a nan Beljiyam "g" ɗin mai laushi ce, ba mai karta ba.

Malam Idi: Ka iya ciniki da gaisuwa, na yarda. To wa zai gaya maka a wurin lodi cewa da zarar ka ce "omdat", wato "saboda", sai aikatau ya koma ƙarshen jimla? Ko cewa "opbellen", wato kiran waya, rabewa take biyu, ka ce "ik bel je morgen op", zan kira ka gobe? Abokan aiki suna gane ka, ba za su gyara ka ba, kuskuren sai ya zauna maka daram. Aji ke nuna maka ƙa'ida, titi ke sa ta zauna a baki.

Baban Sadik: Har yanzu ba wanda ya amsa min. In sun juya maka Turanci fa?

Maman Hanifa: Ka ci gaba da Holancinka, kada ka bi su. Ka ce "ik leer Nederlands", ina koyo ne. Yawanci taimako suke nufi, da sun ji haka sai su sassauta. In kunya ce matsalar, ɗakunan karatu da yawa suna da taalcafé, ana zama da 'yan sa-kai a sha shayi a yi hira, ba mai yi maka dariya. Da yamma kuma ya kalli Jeugdjournaal, labaran yara, maganarsu a fili take.

Baban Sadik: Duk da haka mai kwantiragin shekara biyu a kamfanin da Turanci ake aiki, ban ga laifinsa ba in bai koya ba.

Malam Idi: Shi doka ba ta tilasta masa ba, gaskiyarka a nan. Ƙanen naka me ya kawo shi?

Baban Sadik: Aure.

Malam Idi: To shi tana kansa, kuma shekara ukun ba ta jiran kowa.

Maman Hanifa: Don Allah Yaya kada ka kashe masa gwiwa. Ka ce ya riƙa zuwa da safe kafin layi ya yi tsawo, kuma ya bar na'urar biya da kanka, ya bi layin da mutum ke zaune. Ko tambayar rasit da leda aka yi masa, ya amsa da cikakkiyar jimla.