Tashi daga protobuf 3.20 zuwa siga ta 5 a Python: me ke karyewa, kuma tsofaffin bayanai za su karantu?

mai_sabar:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai manhajar Python da ke kan protobuf 3.20.3 (laburaren da ke mayar da saƙonnin bayanai zuwa bayit don adanawa ko aikawa), ana son ɗaga ta zuwa siga ta 5. Fayilolin _pb2.py (kod ɗin Python da manhajar protoc ke fitarwa daga fayilolin .proto masu bayyana tsarin saƙo) an samar da su da protoc 3.12.4, wanda ke zuwa da Ubuntu 22.04. Ana ɗagawa, tun a layin import komai ya tsaya da wannan:

TypeError: Descriptors cannot be created directly.

Tambayoyi uku ne. Mene ne gyaran gaskiya, ba faci ba? Saƙonnin da aka adana a faifai da tsohuwar siga, sabuwa za ta karanta su? Sannan wasu fayilolin .proto har yanzu proto2 ne, wato tsarin rubuta .proto da ya riga proto3. Tunda an zo gyara, a mayar da su proto3 gaba ɗaya ko a bar su?

tsohon_hannu:

Wa alaikumus salam Malam. Fara da kwantar da hankali a kan ta biyu: bayanan da ke faifai ba abin da ya same su. Yadda protobuf ke jera bayit bai canja ba tsakanin waɗannan sigogin. Gurbi (field) na 1 mai ɗauke da 150 har gobe 08 96 01 ne, ko wace siga ta rubuta shi. Abin da ya karye shi ne jituwa tsakanin kod ɗin da protoc ya fitar da laburaren da ke gudanar da shi.

A 2022 Python ya tsallaka daga 3.20 zuwa 4.21, aka sauya injin ƙasa zuwa upb, wanda aka rubuta da C. Tsofaffin _pb2.py suna gina bayanin kowane saƙo da hannu, gurbi bayan gurbi, ta hanyar kiran Descriptor da FieldDescriptor kai tsaye. Sabon injin ya hana wannan. Yana son a miƙa masa bayanin fayil ɗin a dunƙule, shi ya gina sauran. Shi ya sa kuskuren da kansa ke cewa a sake samar da kod da protoc 3.19 zuwa sama.

Kafin komai ka fahimci lambobin, don nan mutane ke rikicewa. Tun daga wancan sauyi, lambar farko ta kowane yare daban take, ta biyu ce ake tarayya a kanta. Python 4.21 abokin protoc 21 ne, Python 5.27 abokin protoc 27. A lokacin da Python ke 4.21, Java na 3.21, kuma fitowa ɗaya ce. To idan za ka haɗa, lambar bayan ɗigo za ka duba.

Ga yadda za a bi:

1. `pip show protobuf` da `protoc --version`, ka rubuta abin da kowanne ya ba ka. Ka yi haka a injin da ake gina manhajar da kuma wanda take gudana a kai, don sau da yawa ba ɗaya ba ne.
2. Ka bar protoc na apt. Ko ka sauke wanda ya dace daga shafin fitarwa na aikin, ko ka yi amfani da `python -m grpc_tools.protoc`, wanda ke zuwa da nasa protoc a cikin grpcio-tools.
3. Goge duk _pb2.py, ka sake samar da su baki ɗaya da protoc guda. Rabi sabo rabi tsoho shi ke kawo kuskuren da ke ɓuya sai an kai ga wani import da ba a cika bi ta kansa ba.
4. Ƙulle sigar protobuf da ta grpcio-tools tare a fayil ɗin buƙatu.

Ƙa'idar da ba ta da togiya: laburare ba ya zama ƙasa da protoc ɗin da ya fitar da kod. Tsohon kod a kan sabon laburare ana lamunta zuwa wani iyaka, amma sabon kod a kan tsohon laburare ba a taɓa lamunta ba. Idan ka ga `cannot import name 'builder'`, laburaren bai kai 3.20 ba alhali kod ɗin ya kai. Idan `runtime_version` ne ya ƙi shigowa, kod ɗin daga protoc 27 ko sama ya fito, laburaren kuma na baya ne.

ɗan_gajeren_hanya:

Malam, in aiki ya matse, sa `PROTOCOL_BUFFERS_PYTHON_IMPLEMENTATION=python` a muhalli, kuskuren zai ɓace nan take. Ko ka tsaya a `protobuf<=3.20.3` kawai.

tsohon_hannu:

Zai ɓace, gaskiya ne, saƙon kuskuren ma ya ambaci duka biyun. Amma na farkon yana kashe upb ya koma injin Python zalla, wanda ya fi kowanne jinkiri wajen karanta saƙo, kuma yana shafar duk laburaren da ke cikin wannan aikin, ba naka kaɗai ba. Amfaninsa ɗaya: idan tsohon _pb2.py ɗin yana cikin kunshin wani ne, wanda ba ka da .proto ɗinsa. Layukan ƙarshe na kuskuren za su nuna maka fayil ɗin da ya jawo shi. In a site-packages yake, kunshin ne ke buƙatar ɗagawa. Don sanin injin da ke aiki: `api_implementation.Type()` daga `google.protobuf.internal`, zai ce upb, cpp ko python.

Malama_Bayit:

Abin da Malam tsohon_hannu ya faɗa daidai ne, sai dai kuskuren import shi ne mai sauƙi, tunda yana ihu. Tambaya ta uku ce ke da haɗari, domin abin da ke lalacewa a can ba ya cewa komai. Shawarata: kada a haɗa ɗaga laburare da sauya proto2 zuwa proto3 a aiki ɗaya. proto2 bai mutu ba, sabon protoc na karanta shi lafiya lau.

In kuma an dage sai an sauya, ga inda ƙafa ke zamewa.

Babbar matsala ita ce bambance "ba a sa ba" da "an sa sifili". A proto2, `optional int32 ragi = 1;` idan aka sa masa 0, ana rubuta 08 00, mai karɓa kuma HasField zai ce masa akwai. A proto3, `int32 ragi = 1;` da 0 ba ya rubuta ko bayit ɗaya, kuma kiran HasField a kansa ValueError ne. Duk inda manhaja ke fassara rashin gurbi da "bar tsohon adadi yadda yake", to daga ranar ba mai iya mayar da adadin sifili. Maganin shi ne a riƙe kalmar `optional` a proto3. An shigo da ita a 3.12 a matsayin gwaji, sai da tutar `--experimental_allow_proto3_optional`, ta zama ta kowa a 3.15. Wato protoc 3.12.4 ɗin da ke hannunka ma sai da tutar.

Na biyu, `[default = 30]`. proto3 ba shi da wannan. Kuma a lura, proto2 ba ya rubuta wannan 30 ɗin a cikin saƙo idan ba a sa gurbin ba. Mai karantawa ne ke cike shi daga .proto ɗinsa. Saboda haka tsohon saƙon da jiya ake karanta shi 30, yau da sabon .proto zai fito 0, alhali ko bayit ɗaya bai canja a faifai ba. Wannan na cikin wuraren da zan ce "tsofaffin bayanai lafiya suke" na buƙatar sharaɗi.

Na uku, enum, wato jerin zaɓuɓɓuka masu suna da lamba. A proto3 dole na farko ya zama 0. Idan tsohon ya fara daga 1, kada a sake lambobi don a cika sharaɗin. A ƙara sabon suna mai 0 a sama, irin MATSAYI_UNSPECIFIED, sauran su zauna a inda suke. Halinsu ma ya bambanta: lambar da proto2 bai sani ba yana tura ta cikin gurabun da ba a sani ba, gurbin ya zama kamar ba a sa ba; proto3 kuwa yana riƙe lambar a gurbin. Duk wani if/elif da ya ɗauka ya ƙare zaɓuɓɓuka zai iya cin karo da baƙuwar lamba.

`required`, alamar gurbin da dole a cike, babu shi a proto3, don haka sabon mai aikawa zai iya barin gurbin, tsohon mai karɓa na proto2 ya ƙi saƙon ɗungurungum. A fara sassauta masu karɓa, sannan masu aikawa. string kuma a proto3 ana tantance cewa UTF-8 ne. In an saba cusa ɗanyun bayit a ciki, a mayar da gurbin bytes tun kafin sauyin.

mai_sabar:

Na gode Malama, na gode Malam. An sake samar da fayilolin, import ya wuce. Saura biyu suka fito: MessageToJson ya ƙi `including_default_value_fields`, sannan a fayil guda da aka gwada mayarwa proto3, gwajin da ke kwatanta SHA-256 (lambar tantancewa da ake lissafawa daga bayit) na saƙo da wanda aka adana ya faɗi, ko da yake abin da ke ciki iri ɗaya ne.

Malama_Bayit:

Na farko sauya suna ne a 5.26: yanzu `always_print_fields_with_no_presence`. Ba sunan kaɗai ba, karanta shi da kyau. Gurabun da ba sa iya bambance sifili da rashi kawai yake bugawa. Gurbin `optional` na proto2 da ba a sa ba, wanda da yake fitowa a JSON da 0 ko "", yanzu ba zai fito ba. In akwai mai karɓar JSON ɗin da ke jiran makullin, sai a duba shi.

Na biyu kusan tabbas repeated ne na lambobi, wato gurbi mai ɗauke da jerin lambobi. proto3 yana dunƙule su, proto2 kuwa sai an ce `[packed = true]`. Gurbi na 4 mai ɗauke da 3 da 270, a proto2 zai fito 20 03 20 8E 02, a proto3 kuma 22 03 03 8E 02. Masu karantawa an wajabta musu karɓar duka biyun, shi ya sa abin da ke ciki bai canja ba. Tura fayilolin biyu ta `protoc --decode_raw` ka gani da idonka: ɗaya zai nuna gurbi na 4 sau biyu, ɗayan sau ɗaya. Idan ba repeated a saƙon, to duba gurbin da aka sa wa sifili aka kuma cire masa `optional`.

Amma gwajin ne ke da laifi tun asali. protobuf bai yi alkawarin cewa saƙo ɗaya zai fito da bayit iri ɗaya kullum ba. Jerin map ma kaɗai ya isa ya sauya shi. `SerializeToString(deterministic=True)` yana daidaita fitarwa ne a cikin gini ɗaya, ba tsakanin sigogi ko yaruka ba. A gwaji, karanta tsofaffin bayit ɗin zuwa saƙo ka kwatanta da `==`. In kuma sa hannu ake yi a kan saƙon, a adana ainihin bayit ɗin da aka sa wa hannu a gurbin bytes, a tantance su kafin a buɗe, kada a sake jera saƙon sannan a lissafa.