Macen da ta fi burge ni: kowa ya kawo tasa, amma da hujja

Malamar firamare, Gwale, Kano

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Makon jiya na ba 'yan aji shida insha'i, na ce kowa ya rubuta macen da ta fi burge shi. Kusan duk ajin "mamata" suka rubuta, dalilin kuma ɗaya ne: tana dafa min abinci. Na yi dariya, amma da na dawo gida sai abin ya tsaya min a rai, don ni ma da za a titsiye ni, ban san abin da zan ƙara a kan "tana da haƙuri" ba. Shi ya sa na kawo maganar. Sharaɗina ɗaya ne, kada a ce mana "mutuniyar kirki ce" a yi shiru. A faɗi abin da ido ya gani.

Ni tawa Goggo ce, yayar babanmu. Mijinta ya rasu ya bar mata yara biyar, babanmu kuma ya samu karayar arziki aka ƙara mata mu biyu. Sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Tun kafin assalatu ta hura wuta ta soya gyaɗa, a murje, a bushe ɓawon, mu kai inji. In an dawo da niƙan sai ta juye a turmi, tana yayyafa ruwan zafi kaɗan-kaɗan tana juyawa da taɓarya har mai ya fara tsattsafowa. Daga nan sai matsa, da hannu, har kafaɗa ta yi tsami. Tunkuzar da ta rage ita muke mulmulawa a soya. Bayan hannunta duk tabon ƙuna ne.

Shekarar da zan rubuta WAEC, ta yi wata takwas tana zubin adashe don kayan ɗakin babbar 'yarta. Ranar da ta kwasa ita ce ranar da aka ce gobe za a rufe biyan kuɗin jarrabawa. Ba ta yi shawara da kowa ba. Ta kwance bakin zani ta ƙirgo min, ta ce in tafi da wuri kafin layi. Kuɗin duk sun sha mai, har akawun makaranta sai da ya sunsuna ya tambaye ni ko a gidanmu ake ƙuli. Aka kai Yaya ɗakinta ba kabad, sai bayan shekara aka yi mata.

Dattijo, Tudun Wada, Zariya

Malama, Allah ya saka wa Goggo. Ni zan fita daga gida kaɗan, in kawo Hajiya Gambo Sawaba, Allah ya jiƙan ta. Yaran yanzu sunan asibitin Ƙofar Gayan kawai suka sani. Mu mun gan ta da idonmu a Sabon Gari, gidanta kullum cike da mutane, da marayu da waɗanda ba ta haɗa komai da su ba.

Tana 'yar shekara 17 ta shiga NEPU, a lokacin da ko namiji sai ya waiga kafin ya ambaci sunan jam'iyyar. An ɗaure ta sau 16. An yi mata bulala, an aske mata kai, ba ta fasa ba. Abin da take nema kuwa, wanda yau ba a ɗauke shi komai ba, shi ne a bar macen Arewa ta kaɗa ƙuri'a. Matan Kudu sun riga sun fara tun kafin 'yancin kai, namu sai 1979 suka shiga zaɓen ƙasa.

Ranar ba zan manta ta ba. Mahaifiyarmu ta yi wanka ta ɗauko atamfar da take ajiyewa don biki, ta sa kwalli, kamar za ta gidan suna. Ni na raka ta. Makulli ta dangwala wa, wato PRP, alhali Hajiya Gambo lokacin tana GNPP ta Waziri Ibrahim. Na tsokane ta a hanya, ta ce ai hanyar aka buɗe mata, ba a ce mata ga ɗakin da za ta shiga ba. A 2001 da aka ce Hajiya ta rasu, tsohuwar nan wuni ta yi ba ta ci abinci ba.

'Yar Maraɗi

Sannunku. Ni abin da zan faɗa wasu za su ce ƙari na yi, don kishiyar uwata ce. Uwata ta rasu wajen haihuwata. Inna tana goyon wata huɗu lokacin, ta haɗa mu ta shayar. Na girma ban san komai ba. Sai da na kai shekara goma sha biyu, muka yi faɗa da wata yarinya a bakin famfo, ta ce min ke da ba ki da uwa. Na rugo gida na tarar Inna na tuƙa tuwo. Na tambaye ta. Ba ta saki muciya ba, ta ce "wa ya ba ki nono?" Na ce ke. Ta ce to ɗauko mara ki taya ni kwashewa.

Da na ci BEPC, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, baba ya ce lakwal ta isa haka, aure. Ita ta tsaya. Akuyarta ta sayar ta saya min littattafai, ɗiyarta ta cikinta kuma ta ci gaba da sa tsohuwar rigar makaranta. Har yau in na ji ana zagin matar uba gaba ɗaya sai in tashi daga wurin.

Ma'aikaciyar lafiya, Unguwa Uku

Tawa shugabarmu ce a aikin rigakafin shan inna. Ba zan faɗi sunanta ba, ba za ta so ba.

Waɗanda suke Kano sun san abin da ya faru ranar 8 ga Fabrairu, 2013, da aka harbe mata tara masu aikin rigakafi. Ranar Juma'a ce. Bayan nan kowa ya tsorata, mazajenmu suka ce an gama, ni ma na ninke hijabin aikin na tura ƙarƙashin katifa. Da aka dawo da aiki, ita ce ta fara zuwa. Gida-gida ta bi mu, ba ta yi mana wa'azi ba, ta dai zauna ta gaisa da masu gida, ta ce ita gobe za ta fita, wadda ta samu izini ta same ta. Mu huɗu muka je.

Aikin ba wani abin kallo ba ne. Akwatin ƙanƙara a kafaɗa, ɗigo biyu a bakin yaro, a shafa masa tawada a ɗan ƙaramin yatsa, a rubuta da alli a jikin bango. Amma akwai gidan da za a rufe mana ƙofa, akwai wanda za a zage mu tas. Ita sai ta tsuguna a zaure ta ce a ba ta ruwa ta sha. Jikanta take tahowa da shi wani lokaci, ta ɗiga masa a gabansu. A watan Agusta na 2020 da aka sanar cewa Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar mai yaɗuwa da kanta, na kira ta ina murna, na same ta tana layin karɓar fansho.

Ɗalibi, Sakkwato

A gafarce ni, ni tawa ban gan ta ba, amma na ga aikinta a ɗakin kakata. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864. Ita ta kafa 'Yan Taru: takan zaɓi dattijuwa ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa, ita kuma ta tattaro matan ƙauye ta koya musu addini ta hanyar waƙa. Kakata ba ta taɓa shiga aji ba, amma hukuncin alwala da gado a baitoci ta haddace su, daga wata jaji ta koya. Ina aji uku a jami'a ta gyara min lissafin rabon gado tana tsinkar zogale.

Bazawara kuma ba ta jin kunyar faɗa, Kaduna

Duk na karanta, kuma Allah ya saka musu. Amma ku bar ni in ɓata muku rai kaɗan. In aka cire Hajiya Gambo da Nana, kusan duk abin da muke yabo a nan wahala ce. Wadda ta ƙone hannu, wadda ta sayar da akuya. Mun iya yabon mace in ta shanye, musamman bayan an binne ta.

Ni wadda ta burge ni yayata ce, don ta ƙi shanyewa. Shekara goma sha ɗaya tana gidan da ake dukanta. Duk zuwan da za ta yi gida, a ce ta yi haƙuri, mahaƙurci mawadaci. Ranar da ya fasa mata dodon kunne, ba ta zo gida ba, kotu ta wuce. Ta mayar da sadaki aka raba. Dangi suka yi wata shida ba mai gaishe ta. Tana da shekara talatin da biyu ta koma ta gyara takardunta, ta shiga makarantar ungozoma, tana aji ɗaya da sa'o'in 'yarta, suna ce mata Anti. Yau waɗanda suka ƙaurace mata su ne ke buga mata waya ƙarfe biyun dare in naƙuda ta zo da gardama. Kunnen hagun har yanzu ba ya ji, sai ka koma damanta in za ka yi mata magana.

Dattijo, Tudun Wada, Zariya

'Yata, ba ki ɓata wa kowa rai ba. Sai dai kada ki ɗauka Goggon Malama ba ta da zaɓi. Ita ta zaɓi inda kuɗinta za su, ba wanda ya tilasta ta. Wannan daban, zaman duka daban.

Bazawara, Kaduna

Na yarda Baba. Tambayata dai ita ce, su da muke yabo, wa ya taɓa tambayarsu abin da suke so?

Malamar firamare, Gwale, Kano

'Yar'uwa ta Kaduna, maganarki ta hana ni barci, don Goggo tana nan da ranta a Ɗorayi, kuma rabona da ita tun ƙaramar salla. Da safen nan na kira ta. Na ce Goggo jiya na ba mutane labarinki, har da na kuɗin WAEC, kowa sai sa miki albarka yake yi. Ta yi shiru, ta ce wane kuɗi? Sai da na tuna mata. Ta ce oho, wannan. Sannan ta ce tunda na kira, maganin gwiwarta ya ƙare tun ranar Laraba, kuma in zan zo in taho mata da lemon zaƙi, ba na kwalba ba.

An tashi makaranta, ga ni a adaidaita sahu.